Ɗalibanmu Da Namun Dajin Ƙasar Baƙunci

Kullum in za a sallami yaro zuwa karatu ƙasar waje, gargaɗin da ya ke sha iri ɗaya ne: ka riƙe salla, ka guji giya, ka nemi rigar sanyi. Duk gaskiya ne. Amma akwai abu guda wanda ba mu ji ana ambata ba, watau zaman ɗalibi da namun dajin ƙasar da ya sauka. Wanda zai karanta shari'a a London ba ruwansa da wannan magana. Amma wanda aka aika ya yi binciken gona, ko ruwa, ko ma'adinai, ko lafiyar dabbobi, rabin aikinsa a jeji ya ke.

Bari mu ɗauki Ostareliya misali, domin ba ƙasar da dabbobinta suka saɓa wa namu kamar ita. Can ne a ke samun kangaru, wadda ke tsalle da ƙafafun baya, ɗanta na cikin wata jaka a cikinta. Ɗalibi ya fita ɗibar ƙasa ko awon ruwa, sai ga su garke guda suna kallonsa. Wa zai ƙi tsayawa? Mu ba mu ce kada ya tsaya ba, gani ya kori ji. Abin da mu ke tsoro shi ne kallo ya cinye aiki. Kuɗin karatun digirin dakta na shekara uku ne zuwa huɗu, kuma mai binciken tsiro ko ƙwari in lokacinsu ya wuce shi, sai ya jira baɗi. Hoton kangaru ɗari ba ya zama babi ɗaya na littafin da aka aike shi ya rubuto.

Babban haɗarin kuwa yana wajen wanda ya tafi da sanin gida, yana tsammanin ya isa. A nan in mutum ya ga maciji sanda ya ke nema. A can doka ta tsare macizai, kashe su haka kawai laifi ne, kuma da yawa cikin waɗanda a ke sara, garin kisa ko kamu ne abin ya same su. Maganin gaggawa ma dabam ne. Tun 1979 wani likitan ƙasar, Struan Sutherland, ya nuna cewa in macijinsu ya sari mutum, a naɗe gaɓar duka da bandeji tamau, a ɗaure ta da itace, kada a tsaga, kada a wanke, kada mutumin ya taka. Sabo da wannan dabara, da kuma wadatar allurar dafi, waɗanda maciji ke kashewa a ƙasar duka kimanin mutum biyu ne a shekara, alhali macizansu na cikin mafi mugun dafi a duniya. To, amma likitoci ba su son a yi wa saran kububuwarmu irin wannan ɗauri, don dafinta kumbura wuri ya ke yi. Ka ga ke nan ilmin Kaltungo dabam, na Queensland dabam, kowanne da ƙasarsa.

Haka kuma kada. A arewacin ƙasar akwai wani iri wanda tsawonsa kan kai ƙafa 20, yana shiga kogi yana shiga teku. An hana harbinsa a jihar Arewa tasu tun 1971, ya sake yaɗuwa ƙwarai. Baƙo mai ɗibar ruwan gwaji, in ya riƙa tsuguno wuri ɗaya a bakin rafi kowace safiya, ya ba kada lokacin haɗuwa ne bai sani ba. Kada wani ya ce shi gwani ne. Steve Irwin, wanda duniya ta san shi da kama kadoji, wani kifi mai ƙaya a wutsiya ya yi ajalinsa cikin 2006.

Duk da haka ba mu goyon bayan ɗalibin da tsoro zai sa ya kulle kansa a ɗakin karatu, ya komo gida bai san kome ba sai bango. Wani darasin a jeji kaɗai a ke samunsa. Cikin 1935 aka kai wani kwaɗo Queensland daga tsibirin Hawai, guda ɗari ko sama kaɗan, wai ya cinye ƙwaron da ke ɓata rake. Ƙwaron bai ragu ba, kwaɗon kuwa ya cika ƙasa, har ya kai jihar Yamma cikin 2009. Yana da guba, guza da maciji da ƙananan kadoji in sun haɗiye shi sai mutuwa. Malamin gona wanda ya ga wannan da idonsa, ran da ya zama babba a ma'aikata aka kawo masa shawarar shigo da wata baƙuwar halitta don maganin ƙwari, lalle zai yi tunani sau biyu kafin ya sa hannu.

Jami'o'in can ba su barin ɗalibi ya taɓa dabba da sunan bincike sai wani kwamiti ya duba ya yarda, in ta jeji ce kuma sai da takardar izinin hukuma. Samun waɗannan kan ci watanni. Muna roƙon hukumomin da ke biyan kuɗin karatu su sa wannan cikin lissafinsu tun daga gida, su tanadi kuɗin takalmin jeji da na inshorar lafiya, su kuma sa waɗanda suka je suka komo su zauna da masu shirin tafiya, ko da yini guda ne, kafin a raka su filin jirgi.