Kafin ɗalibi ya shiga ajin intanet

Yaron da ya ci jarrabawar BAC a Agiye ko Gidan Rumji ba lallai ne ya samu gurbi a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi ba, balle kuɗin haya da abinci a birni. Shi ya sa muke maraba da karatun jami'a ta intanet. Sai dai ajin nan yana da sharuɗɗansa.

Na farko wuta. Layin da ke ciyar da yankin nan daga Katsina yake shigowa ta Gazawa, kuma kowa ya ga yadda aka kwana a watan Agustan 2023 da Najeriya ta katse shi. Ɗalibin da wuta ta ɗauke masa yana tsakiyar jarrabawa yana iya yin asarar zango guda. A tanadar masa faranti mai amfani da hasken rana da batiri tun kafin rajista.

Sai ita kwamfutar. Galibi ta hannu ce daga kasuwa, batirinta ya mutu, ƙurar hunturu ta toshe fankarta. A kai ta wajen mai gyara, a gwada kyamara da makirfo. Ɗalibai da yawa sun ƙware a WhatsApp amma ba su taɓa buga shafi guda a madannai ba, ko ɗora aiki a manhajar karatu ta Moodle.

Muna kira ga magadan gari su ware ɗaki guda a kowace sakandare, mai wuta da intanet, a koya wa 'yan aji na ƙarshe amfani da kwamfuta a lokacin hutu.