Doka Tana Akwati a Yamai, Matanmu Suna Kan Amalanke

Duk sa'ad da aka ambaci tazarar haihuwa ko cire ciki don ceton rai, sai wani ya zabura ya ce: "Kayan Turawa ne, mu ba mu gada ba." Da ya faɗi haka sai kowa ya ja bakinsa. To mun gaji da wannan amsa, don matanmu ke biyan kuɗinta da jininsu. Bari mu buɗe tarihi mu ga wane ne ainihin kayan Turawan.

Ranar 31 ga Yulin 1920 Faransa ta kafa doka da ta hana tallar maganin hana ɗaukar ciki da duk wani kira ga zubar da shi. Dalilinta ba addini ba ne. Yaƙin duniya na farko ya cinye mata sojoji sama da miliyan ɗaya, tana neman a haifa mata wasu. Daga baya ta shimfiɗa dokar a kan ƙasashen da ta mallaka, har da mu. A 1960 Nasara ya tafi, dokarsa ta zauna. Ita Faransar ta halatta maganin planin a 1967, ta sassauta kan zubar da ciki a 1975. Mu kuwa muka ci gaba da riƙon tsummar da mai ita ya yar, har 1988. Ashe hana mace maganin hutu shi ne abin da aka kawo mana cikin jirgi.

Kakanninmu sun san tazara tun kafin su ga farar fata. Mace kan tafi goyon ciki gidan iyayenta, ta yi wankan jego, ta shayar da ɗanta kusan shekara biyu kafin yaye. Wadda ta yi kwanika, wato ta ɗauki ciki da jinjiri a baya, gori take sha wurin tsofaffi, mijin ma bai tsira ba. Malamanmu kuma sun san sahabbai sun yi azlu a zamanin Manzon Allah (SAW). Wannan duk namu ne.

Waɗanda suka dawo da maganar fili ma ƴan ƙasa ne. Janar Seyni Kountché, wanda ba a taɓa zarginsa da laushi ba, shi ya yi kira ga tazarar haihuwa a Matamaye a 1985. A watan Afrilun 1988 gwamnatin Ali Saibou ta halatta amfani da maganin. Zamanin Tandja Mamadou aka mai da tiyatar haihuwa kyauta a 2005, sannan awon ciki, planin da maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar a 2006. A shekarar ce kuma, ranar 21 ga Yuni, aka sa hannu kan doka mai lamba 2006-16 ta lafiyar haihuwa. Ta yarda a cire ciki a hali biyu, bisa shawarar rukunin likitoci: in barinsa zai jefa rai da lafiyar uwa cikin haɗari, ko in akwai babbar alamar cewa abin da ke cikin yana ɗauke da muguwar cuta. A kula da kyau: a wannan watan na Yuni ne majalisar dokoki ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo ta haƙƙin mata. Ke nan ƴan majalisar da suka juya wa Maputo baya, su ne da kansu suka ga wannan doka ta dace da mu.

Kada wani ya murɗa mana magana. Mun san mazhabar Malikiyya da muke bi tana da tsanani kan zubar da ciki, kuma wannan tsananin ya girmi zuwan Nasara. Ba mu zo kiran a buɗe ƙofa ga duk mai so ba. Amma malamai sun yi bayani cewa in likitoci amintattu suka tabbatar uwa za ta halaka, ita ake ceta. Addini ya yarda, doka ta yarda. To mu tambayi kanmu: tun 2006 zuwa yau, sau nawa muka ji an karanta wannan doka da Hausa a rediyon garinmu? Wane mai gari a Gangara ko Saye Sabuwa aka taɓa zaunarwa aka yi masa bayaninta?

Ga abin da shirun ke haifarwa. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna macen jihar Maradi na haihuwar ƴaƴa fiye da 8 a rayuwarta, kuma kusan tara cikin goma na ƴan matanmu an yi musu aure kafin shekara 18. A faɗin Nijar, binciken na 2012 ya nuna mata 535 ke rasuwa cikin kowace haihuwa dubu ɗari a lokacin. A ƙauye lissafin nan yana da fuska. Naƙuda ta yi gardama ko jini ya ɓalle, maigida yana cirani, uwar miji ta ce a jira izininsa. Kafin a same shi a waya, a ɗaura amalanke, a isa CSI, a sake turo ta asibitin gunduma ko Maradi, yini ya wuce. Doka ta ce rukunin likitoci, alhali ƙauyen ko sajifam ɗaya bai da ita. An ce kyauta ne, sai a miƙo takardar magani ta jika da yawa, don gwamnati ta sha jinkirta biyan asibitoci bashinsu. Waɗanda suka rayu da rauni, wasunsu na kwance a cibiyar yoyon fitsari ta Danja.

Sai kuma wadda ba a son ambata. Mace ta yi ɓari da ikon Allah, wata kuma tsoro ya sa ta sha jiƙe-jiƙe ko ƙwayoyin masu talla a faranti. Jininsu iri ɗaya yake zuba. Dukansu suna ɓuya a ɗaki, don sun san dokar hukunta laifuka ta tanadi ɗauri, sun kuma san bakin mutane. Sai jiki ya yi zafi, ciki ya ruɓe, sannan a fito da ita da dare. Alhali kula da mace bayan ɓari aikin asibiti ne da ma'aikatar lafiya ta amince da shi. Ma'aikacin da ya tsaya yi mata tambayoyin jandarma tana zubar da jini, ya ci amanar rigarsa.

Akwai kuma rami a cikin dokar kanta: ba ta ambaci fyaɗe ba. Mu da ke bakin iyaka mun fi kowa sanin nauyin wannan. Tun 2019 dubban ƴan gudun hijira daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suka shigo yankin Gidan Rumji, ƴan bindiga kuma suna tsallakowa su kwashi mutane. Yarinyar da aka fanso daga daji da ciki, me muke ce mata? Mu ce ta yi haƙuri, gobe kuma mu kira ɗanta shege a bakin rijiya? Mali da Burkina Faso, abokanmu na ƙawancen AES, dokokinsu sun yarda da cire ciki in fyaɗe ne. Ba mu ce a kwafo nasu ido rufe ba. Muna cewa malamai, likitoci, sarakuna da ƙungiyoyin mata su zauna a fili su ba yarinyar nan amsa.

A 2025 Amurka ta janye yawancin tallafin lafiya da take bayarwa. In da gaske muke kan ƴancin kai, maganin planin da na tsai da jini su fito daga baitulmalinmu. Rediyoyin Aguie, Gazawa da Gidan Rumji su karanta dokar 2006 da Hausa, su gayyato liman da sajifam tare. Limamai su faɗa a huɗuba cewa kai mai jini asibiti bai jiran izinin kowa. Mu maza kuwa, duk mai shirin tafiya cirani bana, ya bar wa gidansa wannan izini da kuɗin mota kafin ya sa ƙafa a tasha. Allah Ya sauki masu ciki lafiya.