SHARHI: Makarantar da ke tace yara a bakin ƙofa ba lallai ce ta fi iya koyarwa ba

Duk shekara idan watan Satumba ya kama, hankalin iyaye kan koma kan tambaya guda: wace makaranta za a kai yaron da ya isa shiga aji ɗaya? A Gusau da Anka da Gummi, wannan ne lokacin da makarantun kuɗi ke baza takardun talla a jikin katanga da bakin kasuwa da shafukan Facebook, kowace na cewa ita ce gaba.

Abu biyu aka fi jawo hankalin iyaye da su. Na farko, wai makarantar ba ta ɗaukar yaro sai ya ci jarabawar shiga. Na biyu, wai ɗalibanta na aji shida duk sun ci jarabawar tafiya sakandare. Da yawa daga cikin iyaye da zarar sun ji waɗannan biyun sai su sayi fom, a zatonsu sun gama bincike.

Ga magidancin da ke zaune a ƙauye irin Abare, cikin ƙaramar hukumar Anka, lamarin ya fi haka nauyi. Zaɓinsa bai wuce firamaren gwamnati mafi kusa da Islamiyya da makarantar allo ba, sai kuwa ya ɗauki yaron ya kai shi riƙo wajen ɗan'uwa a cikin gari. Wanda ya zaɓi na ƙarshen, sau da yawa sai ya sayar da hatsi ko akuya kafin ya haɗa kuɗin zango guda. Idan ya yi kuskuren zaɓe, ya yi asarar dukiya, yaron kuma ya yi asarar shekarun da ba sa dawowa.

Shi ya sa ya dace a duba waɗannan ma'aunai biyu da kyau, domin ba sa nuna abin da ake zaton suna nunawa.

Me jarabawar shiga ke aunawa?

Yaro ɗan shekara shida da aka zaunar aka ce ya karanta baƙaƙe ko ya ƙirga zuwa hamsin, gidansu ake aunawa. Idan ya yi nazare, ko yana da uwa ko yaya mai koya masa da dare, zai ci. Idan daga ƙauye ya fito bai taɓa riƙe fensir ba, zai faɗi, ko da kuwa ya fi kowa kaifin ƙwaƙwalwa a ɗakin.

Makarantar da ta tsince yaran da suka riga suka iya, ta mayar da sauran gida, ba abin mamaki ba ne bayan shekara shida ta fito da sakamako mai kyau. Rabin aikin an yi mata shi tun kafin yaran su shigo. Ƙoƙarin malami yana bayyana ne a tazarar da ke tsakanin yadda yaro ya shigo da yadda ya fita, kuma wannan tazarar ba a rubuta ta a takardar talla.

A yammacin Zamfara akwai dalili na musamman da ya sa wannan tacewa ta zama rashin adalci.

A farkon 2010 ne ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa ƙananan yara na mutuwa fiye da ƙima a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Bincike ya nuna gubar dalma ce, daga duwatsun zinare da ake kawowa cikin gidaje ana dakawa ana niƙawa, ƙurar na zuba a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Abare na cikin ƙauyukan da abin ya fi shafa, tare da Dareta da Sunke da Tungar Daji da 'Yargalma da Bagega. An ƙiyasta cewa yara kusan 400 ne suka rasu, dubbai kuma aka same su da gubar a jininsu. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa a Abare da wasu ƙauyukan tsakanin 2010 da 2011, Bagega kuwa sai a 2013.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba shi da illa, kuma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro: tana rage saurin fahimta, tana hana natsuwa a aji. Jariran 2010 yanzu sun kai shekarun sakandare, amma haƙar zinare ba ta tsaya ba, kuma ƙannensu na tasowa a yankin da rashin tsaro ya raba dubban iyalai da gonakinsu, wasu suka koma zaman gudun hijira a garin Anka. Yunwa da firgici su ma suna barin tabo a karatun yaro.

Irin waɗannan yara su suka fi kowa buƙatar malami mai haƙuri, kuma su ne jarabawar shiga ke fara zubarwa. Makarantar da ke alfahari da cewa ba ta ɗaukar mai rauni, ta faɗa wa iyaye da bakinta cewa ba ta san yadda za ta yi da shi ba. Uban da ɗansa ya tsallake wannan jarabawa ma ya kamata ya tambayi kansa: ranar da yaron ya fara ja da baya a lissafi a aji huɗu, me wannan makarantar za ta yi masa?

Sakamakon aji shida da abin da yake ɓoyewa

Idan makaranta ta ce ɗalibanta duk sun ci, tambaya ta farko ita ce: su nawa ne suka zauna, kuma su nawa ne suka fara aji ɗaya tare? Ajin da ya fara da yara sittin ya ƙare da goma sha biyar, sauran arba'in da biyar ɗin su ma sakamako ne. Wasu makarantun sukan hana yaran da suke shakka a kansu yin rajista don kada su ɓata musu lissafi. Wasu kuma ba sirri ba ne cewa satar amsa ce ke ɗauke da su.

Ita kanta kalmar "ya ci" tana buƙatar bincike. A 2013, lokacin da aka fitar da makin shiga makarantun sakandaren gwamnatin tarayya, irin su Kwalejin Gwamnatin Tarayya da ke Anka, an yanka wa ɗan jihar Anambra maki 139, alhali ɗan Zamfara namiji maki 4 aka nema daga gare shi, mace kuma maki 2. A 2018 an ruwaito cewa yara 28 kacal ne daga Zamfara suka yi rajistar wannan jarabawa da hukumar NECO ke shiryawa. A irin wannan yanayi, samun gurbi bai isa ya zama shaidar cewa yaro ya iya karatu ba.

Matsalar ba ta Zamfara ba ce kaɗai. Binciken MICS na 2021, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF, ya nuna cewa kusan kashi 27 cikin 100 ne kawai na yaran Najeriya 'yan shekara 7 zuwa 14 ke iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi. Da yawa daga cikin waɗanda ba su iya ba suna zuwa makaranta kullum, suna sanye da yunifom, ana ba su katin sakamako a ƙarshen zango.

Abin da ya kamata iyaye su duba

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Kafin a biya kuɗin fom, ya kamata uba ko uwa su taka har makarantar a ranar karatu, ba ranar bikin yaye ɗalibai ba, su nemi a nuna musu aji uku.

Aji uku shi ne ma'auni mafi gaskiya. Yaron da ya yi shekara biyu cur a hannun makaranta ya kamata ya iya karanta layi huɗu ko biyar na Hausa a takardar da bai taɓa gani ba, ya kuma faɗi abin da ya karanta. A zaɓi yara biyar daga bencin baya, kada a bari shugaban makaranta ya zaɓo. Uban da bai yi boko ba zai iya tafiya da ƙaninsa ko maƙwabcin da ya iya. Idan huɗu daga cikin biyar suka karanta, makarantar na aiki. Idan ba su iya ba sai rera abin da suka haddace, to fenti da motar ɗaukar ɗalibai ba za su gyara ba.

Sai batun malamai. Su nawa ne a rajista, su nawa ne kuma a cikin aji da ƙarfe tara na safe? Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare, da takardar NCE a matsayin mafi ƙarancin shaidar koyarwa. Takarda kaɗai ma ba ta isa ba: a 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarabawar 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai makin da aka yanka ba. Don haka a buɗe littafin rubutun yaro a ga ko malami na duba aikin, ko kuwa shafuka ne a cike babu jan biro.

Harshen koyarwa ma abin dubawa ne. Iyaye da dama na ɗaukar cewa makarantar da ta hana yin Hausa ita ce ta ƙwarai. Amma yaro ya fi saurin gane yadda baƙi da wasali ke haɗuwa su ba da kalma a harshen da yake ji, daga nan kuma Turanci ya zo masa da sauƙi. A kan wannan fahimta aka gina shirin RANA, wanda UNICEF ta tallafa wa a Zamfara da Katsina don koyar da karatu da lissafi da Hausa a ƙananan azuzuwa. Yaron da ke rera Turancin da bai san ma'anarsa ba, bai fara karatu ba tukuna.

Akwai kuma tsaro da nisa, waɗanda a wannan yanki ba a wasa da su. Ba a manta da ɗalibai mata 279 da aka sace a Jangebe a watan Fabrairun 2021 ba, ko waɗanda aka kwashe a Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun a watan Satumban shekarar, abin da ya sa aka rufe makarantu a faɗin jihar. Makaranta mai matsakaicin ƙoƙari da ɗan shekara shida zai isa da ƙafa cikin 'yan mintuna, ya dawo gaban uwarsa da azahar, ta fi shahararriyar da sai an bi hanyar daji. A ƙauyukan da ake sarrafa zinare, a duba kuma ko ana daka dutse ko wanke shi kusa da filin wasan yara ko rijiyar da suke sha.

Daga ƙarshe a nemi jimillar kuɗin shekara a rubuce, har da na littattafai da yunifom da jarabawa da biki. Cire yaro a tsakiyar shekara saboda kuɗi sun gagara ya fi cutar da shi a kan barinsa tun farko a makarantar da ake iya ɗauka.

Nauyin da ke kan hukuma

Bai kamata a bar wa iyaye wannan aiki su kaɗai ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole ne ga kowane yaro. A watan Nuwamban 2023 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a Zamfara, kuma an ga gyaran gine-ginen makarantu. Gini abu ne mai kyau, amma ma'aunin nasarar wannan mataki shi ne yawan 'yan aji uku da ke iya karatu a Abare da Bagega da Gwashi, nesa da idon manyan baƙi.

Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jihar na da ikon auna karatun 'yan aji uku a kowace firamare sau ɗaya a shekara, ta gwamnati da ta kuɗi, ta kuma manna sakamakon a ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, a sanar da shi a rediyo da Hausa. Da an yi haka, da iyaye sun daina cinikin biri a sama. Ya kamata kuma a wajabta wa makarantun kuɗi bayyana adadin yaran da suka fara da waɗanda suka gama a duk lokacin da za su tallata sakamako.

Ƙauyukan da gubar dalma ta shafa suna buƙatar kulawa ta daban: ƙananan azuzuwa, malaman da aka horar kan yaran da ke jinkirin fahimta, da alawus ɗin da zai sa malami ya yarda ya zauna a can. An kashe kuɗi da ƙarfi wajen ceto rayukan yaran yankin da kwashe ƙasar gidajensu. Barin karatunsu ya lalace tamkar ajiye aikin ne a rabi.

Kwamitocin al'umma masu kula da makarantu, da ƙungiyoyin iyaye da malamai, da hakimai da dagatai a masarautun Anka da Gummi da Bukkuyum, su ma suna da rawar takawa. Ga mafi yawan mutanen karkara, firamaren gwamnati da ke ƙauyensu ita ce kaɗai zaɓi. Idan babu wata da za a koma, abin da ya rage shi ne a tsaya a kan wadda ake da ita: a san malamin da ba ya zuwa, a kai ƙara, a bi sawu.

Magidancin Abare da ke shirin sayar da buhun gero don kai ɗansa birni yana da haƙƙin sanin abin da zai saya. Kafin ya kai hatsin kasuwa, ya ware safiya guda ya shiga aji uku na makarantar da yake so, ya miƙa wa yaran bencin baya takarda, ya saurara.