Magariya: magani kyauta, kanti babu magani

A shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta yi shelar magani kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara 5. Amma kuɗin da ya kamata ta mayar wa asibitocin karkara sun yi ta makara, har kantunan maganinsu suka bushe, iyaye suka riƙa kai yara babban asibiti a makare. A watan Satumba na 2018, ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara kusan 10 ke rasuwa kullum a asibitin Magariya, lokacin zazzaɓin cizon sauro da tamowa. Ma'aikacin jinyar da gadaje suka yi wa yawa, ga gajiya, dole wata rana ya kuskure awon magani. Ya ku mahukunta, tun ran gini ran zane: ku riƙa biyan asibitoci kan kari, ku tura ma'aikata Magariya da Dungas tun kafin damina ta sauka.