Masu Ba Da Rabin Labari

Akwai wata magana da waɗansu 'yan boko suke yaɗawa a Garwa, har ta fara shiga bakin matasan ikkilisiya. Wai Turawa ba su ci gaba ba sai da suka raba mulki da tsoron Allah, a zamanin da ake kira Farfaɗowar Ilimi. Shaidarsu kuwa mutum ɗaya ce, Makiyabeli na birnin Fulorans a Italiya. Rabin labari ke nan.

Gaskiya ne a 1513 Makiyabeli ya rubuta wa masu mulki littafi. Ya koya musu cewa idan ba za a sami duka biyu ba, gara talakawa su ji tsoron sarki da su ƙaunace shi, sarki kuma ya karya alkawari idan cika shi zai cuce shi, ya riƙa nuna ibada ko da babu ita a zuci. Amma mutanen arewacin Kamaru ba sa bukatar wani ya fassara musu wannan, gama sun riga sun ɗanɗana. Ahmadu Ahijo ɗan Garwa ne. Ya riƙe ƙasa daga 1960 zuwa 1982, ya haɗa kanta, ba mai ƙwace masa wannan. Amma a 1962 aka kafa dokar da ta mai da sukar gwamnati laifi, a 1966 jam'iyya ta zama ɗaya tak, kurkukun Cholire kuwa ya haɗiye mutanen da ba a taɓa kai su gaban alƙali ba. Ina tsoron nan ya kai shi? A 1984 gwamnatin wanda ya gaje shi ta yanke masa hukuncin kisa yana ƙasar waje. Ya rasu a Dakar a 1989, can aka binne shi, nesa da Binuwai.

Wanda masu maganar ba sa ambata shi ne Irasmus, mutumin Holan, babban malamin wannan zamani ɗin. A 1516, shekara uku kacal bayan na Makiyabeli, ya rubuta wa yarima Sharl nasa littafin a kan tarbiyyar sarki Kirista: sarki domin jama'a yake, yana mulkin 'ya'ya ne ba dabbobi ba, ya kuma guji yaƙi iyakar ƙoƙarinsa. A shekarar nan ce ya buga Sabon Alkawari da Helenanci, yana fata manomi da masaƙi su sami Maganar Allah da harshensu. Darajar ɗan adam da waɗannan malamai suka ɗaukaka, yawancinsu daga Littafin Farawa suka ɗebo ta, inda aka halicci mutum cikin kamannin Allah.

Wannan koyarwa ma ta taka ƙasar nan, ba takalmi kuwa. A 1959 Fada Simon Mpeke, wanda ake kira Baba Simon, ya baro kudu ya zo arewa, ya zauna a Tokombere cikin mutanen duwatsu da ake rena su da sunan Kirdi. Bai kafa jam'iyya ba. Makaranta ya buɗe wa 'ya'yansu, a lokacin da manya suke ganin ba su isa a ba su alli ba.

Laifin bai tsaya ga 'yan boko kaɗai ba. Dattawan ikkilisiya da suke cewa siyasa ƙazanta ce, mai bi ya nisance ta, sun yarda da Makiyabeli ke nan ba su sani ba, domin shi ma abin da ya ce ke nan: mai gaskiya ba ya iya riƙe mulki. Bambancin kawai, shi ya rubuta da Italiyanci, su kuwa daga kan bagade suke faɗa ran Lahadi.