Ɗalibi Na Bukatar Mai Gyara Masa, Ba Mai Rubuta Masa Ba

Lalle Hausawan Sabo ta Ibadan da na Agege da Idi-Araba a Legas sun yi ƙoƙari wajen tura 'ya'yansu jami'a. Amma akwai wani rami da iyaye ba su hango ba. Jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta zaɓen amsa ce, kuma tun 2015 a kwamfuta ake yin ta. Yaro na iya cinye ta da maki mai yawa alhali bai taɓa jera hujja ta shafi biyar ba. In ya shiga Jami'ar Ibadan ko ta Legas, sai a ce ya rubuta maƙala, ya faɗi inda ya samo kowace magana, ya ture ra'ayin wani masani da dalili. To, nan ake yin ta.

Daga nan wasu ke faɗawa hannun masu sayar da rubutu, ko su sa na'ura ta rubuta musu. Ranar kare kundin digiri kuwa asiri kan tonu a gaban malamai, wahalar shekara huɗu ta shiga haɗari.

Malamin da ake bukata shi ne mai zama da ɗalibi da jan biro, ya tambaye shi abin da yake nufi a kowane sakin layi, ya mayar masa ya sake, ko da sau uku ne. Sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin fataken shanu da goro suna da halin biyan ɗaliban digiri na biyu su riƙa ba da wannan darasi ranar Asabar, a azuzuwan firamaren unguwa da ke kulle a ranar.