Gidan Harsashi Ma Ya Cancanci Shaida

Sananne ne ga fatake cewa ba a ɗora huhun goro a mota sai an zana masa shaidar mai shi, kuma raƙumin Azbin da wuya a same shi babu tambarin gidansu. Hikimar wannan kuwa ita ce, ran da kaya suka ɓata a san wanda za a tambaya. To, abin mamaki, kayan da ke kashe mutane ba su sami cikakkiyar wannan kulawa ba.

Bindigar nan AK-47 maƙeranta su kan buga mata lamba a jiki. Harsashi kuma, a gindin ƙwansonsa galibi akwai alamar masana'anta da shekarar da aka yi shi. Amma gidan harsashi, watau ɗan ƙarfen nan mai lanƙwasa da a ke cusawa ƙarƙashin bindiga, mai cin harsashi 30, shi ne maraya. Yawancinsu ba su da lambar da ta keɓanta da su. Wanda aka ƙera a Sin ya kan shiga bindigar Rasha daram, in dai harsashinsu ɗaya ne. Saboda haka idan aka tsince shi a dajin Zamfara bayan ɓarayi sun gudu, ba shi da bakin da zai faɗi rumbun da ya fito.

A shekarar 2006 shugabannin ƙasashen Yammacin Afirka sun sa hannu a Abuja kan yarjejeniyar ƙananan makamai, ta fara aiki a 2009. Ta wajabta a buga wa makami lambarsa, da sunan maƙeri, da ƙasa, da shekara. Magana ce mai kyau, sai dai rubutu a takarda daban, aiki daban. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce akwai bindigogin AK-47 guda 88,078 na 'yan sandan Nijeriya waɗanda ba a iya ba da lissafinsu ba. In bindiga mai lamba ta salwanta haka, ina ga gidan harsashinta wanda ko a littafi da ƙyar a ke ƙidaya shi? Gaskiya ne makamai sun kwararo daga Libiya bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, amma ba duka laifin za a jibga wa Sahara ba. Ɓeran gida ma yana da nasa kaso.

Gyaran kuwa ba ya bukatar dukiya mai yawa. Kowane gidan harsashi na hukuma a buga masa alamar ƙasa da ta rundunar da ke riƙe da shi, bugu mai zurfi cikin ƙarfe, domin fenti kankarewa ya ke yi. Sa'an nan ma'ajin makamai ya rubuta wa aka ba, guda nawa, ran nawa ga wata, in ya komo a sake ƙidaya a gabansa. Soja na kirki ma zai amfana, don idan ɗaya ya fara cijewa ya san wanda zai ware tun kafin ranar gumurzu.

Gwamnati ta kafa cibiyar kula da ƙananan makamai a 2021 ƙarƙashin ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro. Aikin nan nata ne, kuma ya kamata ta fara da rumbunan 'yan sanda.